Tsufan Jarumi: Tsokaci A Kan Fim Ɗin Logan

Marubuta sun daɗe da sanin cewa jarumin da ba shi da aibi ko kaɗan gundurar mai karatu yake yi. Mu ma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Gizo na tatsuniya maƙaryaci ne, makwaɗaici, shi kuwa Alhaji Imam na cikin Ruwan Bagaja da wayo da damfara ya ci rabin tafiyarsa, amma duk da haka bayansu muke bi. Mutanen Amurka suna da irin nasu a littattafan labarai masu zane-zane, kuma Wolverine yana cikin waɗanda suka fi suna. Mashayi ne, mai saurin fushi, wanda farata uku na ƙarfe ke fitowa daga kowane hannunsa, kuma duk raunin da aka ji masa nan take yake warkewa. An ƙirƙire shi a 1974, Hugh Jackman kuma ya fara fitowa a matsayinsa a fim a 2000. Wanda nake son magana a kai shi ne Logan na 2017, wanda James Mangold ya ba da umarni.

An gina labarin a shekarar 2029. Logan, wato Wolverine, ya tsufa. Ƙarfen da aka zuba wa ƙasusuwansa ya zame masa guba, rauni ya daina saurin warkewa, yana ɗingishi, ba ya karatu sai da tabarau. Tuƙin motar haya yake yi a El Paso don ya sayi magani wa tsohon malaminsa, Charles Xavier, wanda ya ɓoye a cikin wani tsohon tankin ruwa a tsallaken iyakar Meziko. Tsohon nan ya kai shekara casa'in, ƙwaƙwalwarsa ta fara taɓuwa, kuma in farfaɗiyarsa ta tashi duk wanda ke kusa sandarewa yake yi.

A nan ƙarfin fim ɗin yake, mai karatu. Mutumin da aka saba gani yana yayyaga maza, ga shi yana lallashin tsoho ya haɗiye ƙwaya, yana ɗaukarsa zuwa ban-ɗaki, yana hawa bene da shi a hannu. Tsohon yana masa gori, shi ma yana mayar masa da baƙar magana. Ni da na yi shekara biyu ina jinyar mahaifina bayan da mantuwa ta kama shi, na san wannan hali. Na san yadda mutum zai gaji har ya ɗaga murya, sannan ya zauna bakin gado ya yi shiru. Wata rana Baba ya dube ni ya ce, "Malam, ina yaron nan da ke kawo mini fura?" Ni ne yaron. Ban taɓa zaton labarin mai faratan ƙarfe zai tuna mini da wannan rana ba. Ba mamaki da aka sa rubutun fim ɗin cikin masu takarar lambar Oscar a 2018.

To amma kowane allazi da nasa amanu. Da labarin ya yi nisa, kamar masu shi sun ji tsoron kada 'yan kallo su gaji da tsufa da jinya, sai suka kawo X-24, wani kwafin Logan mai jini a jika da aka haɗa a ɗakin gwaji. An ce wai mutum ne yake yaƙi da kansa. Ni dai abin da na gani shi ne dodo marar magana, marar dalili, wanda aka kawo domin a sami wanda za a yi dambe da shi. Sauran mugayen, Pierce da likita Rice, ba su da wani nauyi. Su kuwa iyalan Munson, manoman da suka ba su masauki da abincin dare, an nuna mana kirkinsu ne kawai don a karkashe su kafin gari ya waye.

Abin da ya fi damuna shi ne Laura, yarinya 'yar shekara 11 da aka halitta daga jinin Logan, wadda zai kai arewa don ta tsallaka Kanada. Dafne Keen ta yi wasa mai kyau, kusan rabin fim ɗin da ido kawai take magana. Sai dai fim ɗin yana da baki biyu. Ya aro tsohon fim ɗin kaboyi Shane na 1953 don ya gaya mana cewa wanda ya yi kisa ba ya rabuwa da tabonsa, amma kuma kyamara tana tsayawa ta nuna mana yarinya tana sara da suka kamar abin tafi. A Amurka ba a barin wanda bai kai shekara 17 ba ya shiga kallonsa shi kaɗai. Mu a nan a waya yake yawo. Da na tambayi ɗalibaina 'yan babban aji, duk sun iya ba da labarin wurin da Laura ta wurgo kan mutum a gaban Pierce. Da na tambaye su batun tsohon da ke cikin tanki, sai ɗaya ya ce, "Malam, ai wurin nan tura shi gaba muke yi."

Ƙarshen dai ya ratsa ni. Logan ya mutu yana riƙe da hannun yarinyar, yara suka binne shi a daji, ita kuma ta karkatar da gicciyen da ke kan kabarin ya koma harafin X. Shekara 17 na wasan Jackman suka tsaya a nan, aka ce an gama. Sai ga shi a 2024 an fito da Deadpool & Wolverine, wanda ya buɗe da tone wannan kabari, aka ɗauki ƙasusuwan mamacin aka yi faɗa da su, ana kiɗa ana rawa.