Mabiya Miliyan Goma Ko Buhu Uku? Gardamar Wa Da Ƙanwa A Ƙaura Namoda

Duk wanda ya saba shiga shagon cajin waya da turin finafinai ya san ba caji kaɗai ake yi a wurin ba. Nan ce majalisar 'yan kallo. Nan ake ɗaura wa 'yan fim aure, a sake su, a naɗa wata sarauniya da hantsi, kafin la'asar kuma a tuɓe ta. To a Ƙaura Namoda, can wajen tsohuwar tashar jirgin ƙasa, akwai wani matashi mai irin wannan shago wanda musun samari ya ishe shi, sai ya samo maganin abin: kwali.

Kwalin taliya ya farke, ya manna a bango, ya jera sunayen 'yan wasa mata da baƙar maka: su Rahama Sadau, Hadiza Gabon, Nafisa Abdullahi, Maryam Booth, Fati Washa da sauran su. A gaban kowane suna ya na rubuta yawan mabiyan ta a Instagram. Duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya duba waya ya gyara lissafi. In musu ya kaure a kan wadda ta fi tashe, ba ya ko ɗaga kai daga kwamfuta, sai dai ya nuna bango da yatsa ya ce, "Lissafi ba ya ƙarya."

Masu karatu da su ka riski zamanin kaset za su tuna ba haka ake auna tauraruwa a da ba. Lokacin da Sangaya ya fito Fati Mohammed ta zama abin magana a kowane zaure, ma'aunin shi ne 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai a Kano, da fosta, da kalanda, da sitikar da ɗan acaɓa zai liƙa a tankin babur, da wasiƙun da ake aikowa mujalla da kan sarki. Shi ma wancan ma'aunin ya na da nasa maguɗin, amma aƙalla mutum sai ya zaro kuɗi daga aljihu kafin a ƙidaya shi a cikin masoya. Yanzu kuwa danna waya ne kawai, ko kallon fim ɗin yarinyar bai taɓa yi ba.

Matashin nan ya na da ƙanwa, ita ce autar gidan su, ɗaliba a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke garin. Auta ba ta damu da kwalin ba sai da ta kalli Dangal fassarar Hausa, fim ɗin Aamir Khan na 2016 a kan uban da ya koya wa 'ya'yan sa mata kokawa har babbar, Geeta Phogat, ta ci zinare a gasar ƙasashe renon Ingila ta 2010. Sau huɗu ta kalle shi. Daga nan ta fara satar jiki bayan sallar asuba ta zagaya bayan ɗaki inda yayan ya ajiye ƙarfen sa, wato rodi guda da gwangwanayen fenti biyu cike da siminti, ta na ɗagawa. Da Inna ta kama ta, faɗan bai wuce jimla ɗaya ba: "Wa zai auri mace da damtsen maza?" Auta ba ta amsa ba, kuma ba ta daina ba.

A farkon 2021 ta tsaya a ƙofar shago ta ce, "Yaya, tunda lissafin ka ba ya ƙarya, yi mani kwalin mata masu gina ƙwanji na duniya. Ina so in ga wadda ta fi kowa."

Ya yi dariya, amma ya yi. Kwana biyu ya na ƙona data. Abin da ya fito ya ba shi kansa mamaki, ko da yake bai yarda ya faɗa ba. Can a sama akwai irin su Michelle Lewin, 'yar ƙasar Benezuwela, mai mabiya sama da miliyan goma, wadda hotunan motsa jiki da talla su ka fi gasa fito da ita. Can ƙasa kuwa, inda ko miliyan ɗaya ba a kai ba, sai ga Iris Kyle ta Amurka.

A nan ne Auta ta kafe. Domin Iris Kyle ba ƙaramar mace ba ce a wannan fage. Babbar gasar mata masu gina ƙwanji, Ms. Olympia, wadda aka fara a 1980, sau goma ta na lashe ta: a 2004, sannan a jere daga 2006 har 2014. Don mai karatu ya gane girman abin, Arnold Schwarzenegger, Kwamandon nan da yara ke kwaikwayo da bindigar kara, sau bakwai ya ci ta maza. Lee Haney da Ronnie Coleman takwas-takwas su ka tsaya. Ba namiji ba mace, babu wanda ya kamo ta. Amma a bangon shagon Ƙaura ga ta a gindin kwali, kusa da inda ake jingine tsintsiya.

"To Yaya, wannan lissafin me ya auna?"

"Farin jini."

"Ni ƙarfi na tambaye ka."

"Ke ki ka ce wadda ta fi kowa. Wadda mutane su ka fi so ita ta fi kowa."

A gaskiya kowannen su ya na da tasa hujjar, kuma ba su ne su ka fara wannan rigima ba. Har fim an yi a kan ta. A 1985 darakta George Butler, wanda ya fito da Arnold a Pumping Iron na 1977, ya saki kashi na biyu a kan mata. Gasa ce da aka yi a Las Vegas a 1983 ya ɗauka. An kawo Bev Francis daga Ostareliya, ƙwararriyar mai ɗaga ƙarfe wadda tsokar jikin ta ta ninka ta sauran, aka haɗa ta da su Rachel McLish, wadda ta ci Ms. Olympia ta farko kuma kyamara ke son fuskar ta. Alƙalai su ka rasa abin yi: ƙwanji za a duba kamar yadda sunan gasar ya nuna, ko kyan mace? Ƙarshe Carla Dunlap ta zo ta ɗaya, Bev Francis ta takwas. Shekaru ashirin bayan nan maganar ba ta mutu ba, don a ƙarshen 2004 ƙungiyar da ke kula da wasan ta fitar da takarda ta na neman mata su rage tsoka da kashi 20 cikin ɗari. Bayan 2014 ma aka dakatar da Ms. Olympia ɗungurungum, sai a 2020 ta dawo Andrea Shaw ta ɗauka. Wato tun kafin a ƙirƙiro Instagram a 2010, ido ya riga ya saba kayar da damtse. Wayar hannu ba ta zo da sabon abu ba, lamba kawai ta liƙa wa tsohon hali.

Kuma lambar ma ba tsarkakakkiya ba ce. A Disamba 2014 da kamfanin ya share asusun bogi, mawaƙi Justin Bieber ya wayi gari ya rasa mabiya wajen miliyan uku da rabi. Ana sayen mabiya kamar yadda ake hayar 'yan tafi a taron siyasa. Ga kuma abin da duk ɗan kallon finafinan Hausa ya sani: ranar da aka fi zagin 'yar wasa, ranar ce mabiyan ta ke ƙaruwa, don masu zuwa kallon faɗa su ma ana ƙidaya su. Da Auta ta kawo wannan, yayan ya ce ai ko ɗan kallon faɗa mutum ne.

Kada a ɗauka Auta sha'awar hawa dandamali ta ke yi da irin shigar matan can. Ita da kanta ta ke kauda kai daga rabin hotunan, kuma da ta karanta yadda magungunan ƙara tsoka ke sauya wa mace murya su lalata hanta, jikin ta ya yi sanyi. (Mu ma dai a nan ba a rasa 'yan mata masu shan ƙwayar sha-ka-fashe da shafe-shafen mai don hoto ya yi kyau, hanya daban ce, amma ido ɗaya ake yi wa.) Sai hankalin ta ya koma kan masu ɗaga nauyi, inda babu alƙalin da zai duba fuskar ki: ko ƙarfe ya tashi ko bai tashi ba. Nan ta gano Sara Ahmed ta Masar, wadda ta ci tagulla a Olamfik ta Rio a 2016 kanta a rufe, hannu da ƙafa a rufe. Ta nuna wa Inna hoton. Inna ta daɗe ta na kallo, ta miƙo wayar ba ta ce komai ba.

Sai ga ƙarshen Agusta 2021, gasar Olamfik ta naƙasassu a Tokyo. Cikin 'yan kwanaki mata uku 'yan Nijeriya su ka ci zinare a ɗaga nauyi: Latifat Tijani, Bose Omolayo da Folashade Oluwafemiayo. Ita Folashade, kwance a kan benci, ta tura sama da kilo 150 da hannu biyu. Buhun siminti uku kenan. Auta ta shigo shago a guje ta ce a sa su a kwali. Yayan ya duba, ya ce in ya bi ƙa'idar sa sai dai ya ƙaro wani kwalin a ƙasa, don ko ƙafar ƙananan 'yan wasan Kano ba su kamo ba. Ranar ta yi fushi na gaske, har ta ƙi cin tuwon dare.

Ba a yi mako ba lissafin ya tsaya gaba ɗaya. A farkon Satumba 2021 aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gwamnatin jiha ta riga ta rufe kasuwannin mako, har da babbar kasuwar Shinkafi, ta hana sayar da mai a jarka. Waya ta koma tocila da rediyo. Mai son kiran ɗan'uwan sa sai ya yi tafiya ya fita jihar. Shagon ya rage sai tura tsofaffin finafinan da ke cikin kwamfuta, in an samu ɗan man janareta. Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, lambobin bango na nan yadda su ke, ƙura na hawa.

A cikin wannan hali ne Gwaggon su, yayar Baba, ta iso daga wani ƙauye na ƙasar Zurmi da mutane su ka watse daga cikin sa. Mafi yawan hanyar a ƙafa ta yi ta, da ƙunshin gero a ka da jika a baya, mace mai shekara sittin ko fiye. Da yake injin unguwa yau ya tashi gobe babu mai, gidaje da yawa sun koma ga turmi. Auta ta ga dama ta samu, wata takwas ta na ɗaga gwangwanin siminti. Ta karɓi taɓarya za ta yi surfe. Kafin a je ko'ina tafin hannun ta ya yi ƙuna, numfashi ya na fita da ƙyar.

"Miƙo taɓaryag ga, ɗiyata," in ji Gwaggo. Ta gyara ɗaurin zane, ta surfe kwano uku ba ta zauna ba, ta na yi ta na ba Inna labarin waɗanda su ka tsira da waɗanda har yanzu ba a ji ɗuriyar su ba.

Wata rana ta biyo ta shagon don a sa mata cajin tocila, idon ta ya kai bango.

"Kai ɗan nan, wanga kwali hwa, mi aka rubutawa cikinai?"

Ya yi mata bayani: wannan mata ce a ƙasar waje, mutum miliyan goma ke bin ta.

"Biye da ita zuwa ina?"

Samarin da ke zaune su ka fashe da dariya. Ya sake gwadawa, ya ce ba tafiya ba ce, hoton ta su ke kallo.

"To in ta kwanta ciwo, su nawa ka zuwa gaishe ta?"

Bai da amsa, kuma ita ma ba ta tsaya jira ba. Ta karɓi tocilar ta ta fita. Ba wai Gwaggo ta kashe gardamar ba ne. Mabiya ba banza ba ne, kowa ya san haka: su ke kawo talla, su ke sa furodusa ya kira yarinya aiki, kuma mai ɗaga ƙarfen da ba a san ta ba za ta iya cin zinare ta dawo gida ta na neman kuɗin mota. Yayan ya na da gaskiya cewa lambar na sayen abinci. Kuskuren sa shi ne ya ɗauki amsar tambaya guda ya na ba kowace tambaya.

An maido da sabis a Gusau a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba aka ba da sanarwa. Daren da waya ta kama a Ƙaura, abin da ya fara yi shi ne duba lambobi. Duk sun motsa. Wasu sun hau, wasu sun sauka, ba tare da ko mutum ɗaya na majalisar sa ya danna komai ba cikin wata uku. Ya cire tsohon kwalin ya farke sabo, amma wannan karon ya ja layi a tsakiya. Gefe ɗaya ya rubuta "Mabiya", ɗaya gefen ya miƙa wa Auta maka. A na masu ƙarfi ta rubuta "Kilo da kofi". A na 'yan fim su ka yi ta ja-in-ja har dare a kan ko yawan finafinai za a sa ko waɗanda mutum zai iya tunawa ba tare da an tuna masa ba.

A 2024, da Folashade ta ɗaga kilo 167 a Paris ta kafa sabon tarihin duniya, Auta ce ta zo da kanta ta goge tsohuwar lambar. A ƙasan kwalin, da ƙananan haruffa, akwai layin da samarin shagon ke tambaya a kai duk lokacin da baƙo ya shigo. An rubuta "Gwaggo", gefen mabiya an ja ɗan layi, ɗaya gefen kuma an sa "kwano 3". Yayan ya ce wannan ya saɓa ƙa'ida, tunda kwano ba kilo ba ne. Har yau dai bai goge ba.