Yini ɗaya a Kogin Binuwai: Kwale-kwale, jatan lande da tukunyar bakin ruwa

 A wannan makon za mu bar ɗakin girki, mu nufi Jihar Adamawa, mu zauna a bakin Kogin Binuwai. Idan kun taɓa tsallaka gadar Jimeta a mota kuna kan hanyar Girei ko Mubi, kun hango shi daga sama: faffaɗan ruwa, farin yashi, da masunta a cikin kwale-kwale kamar ɗigon tawada a kan allo. Da yawanmu iyakarmu ke nan da shi. To amma gani ya kori ji, kuma yini ɗaya a bakin wannan ruwa zai koya wa yaranku abin da ba za su samu a waya ba, matuƙar kun san abin da za ku ɗauko daga kogin da abin da za ku bar masa.

Kogin da ya raini gari

Binuwai ya taso ne daga tsaunukan ƙasar Kamaru, ya ratsa Garwa, ya shigo Najeriya, ya wuce ta Jimeta da Numan da Makurɗi, har ya haɗu da Kogin Kwara a Lakwaja bayan tafiyar kimanin kilomita 1,400. Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, ita ce mazaunin Lamiɗo har yau. Jimeta kuwa, wadda ke bakin ruwa, ta bunƙasa ne a matsayin mashigar jiragen ruwa, lokacin da jiragen 'yan kasuwar Turawa ke haurowa da damina idan ruwa ya cika. Tun kafin wannan, Bwatiye, wato Bata da Bachama, sun san kogin ciki da waje, daga baya masunta Hausawa da Jukunawa da sauransu suka zo suka zauna tare da su.

Ban da kogin kansa akwai tafkuna biyu da duk ɗan gari ya sani. Akwai Geriyo a gefen Jimeta, inda ake noman rani na shinkafa da kayan lambu, akwai kuma Njuwa a ɓangaren Yola, wanda ya yi suna da bikin kamun kifi.

Lokacin zuwa

Kada ku sa ranar wannan tafiya tsakanin Agusta da Oktoba. A lokacin kogi ya cika ya batse, ga ƙarfin gudu, sannan akwai madatsar Lagdo da ke Kamaru, wadda aka kammala a 1982. Idan ta cika aka saki ruwanta, kogi kan ƙaru a Adamawa ko da ba a yi ruwan sama ba a ranar. Mutanen Jimeta ba su manta da ambaliyar 2012 da ta 2022 ba.

Daga Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi daɗi. Ruwa ya janye, tsibiran yashi sun fito, sanyin hunturu ya rage kaifin rana. Daga Maris kuwa zafin Yola kan haura digiri 40, yaro ba zai jure yini a kan yashi ba. Ku fita da hantsi, ku yi niyyar dawowa kafin la'asar ta yi sanyi.

A wannan lokacin ne masunta ke kafa bukkoki a kan yashi, su kwana a can suna jiran tarkonsu, suna banda kifi a kan wuta. Kwanan yashi nasu ne, sun saba, sun san wurin da ba ya da haɗari. Mai iyali ya tsaya a ziyarar yini. Maigida, idan kana sha'awar kwana da abokanka, ka yi shi tare da masuncin da aka sani a unguwa, da sanin sarkin ruwa ko mai unguwa, ka kuma tafi da gidan sauro.

Kafin ku taka kwale-kwale

A watan Satumban 2023 kwale-kwale ya kife a tafkin Njuwa, aka rasa rayuka, cikin 'yan kwanaki wani ya sake kifewa a Gurin da ke Ƙaramar Hukumar Fufore. Allah ya jiƙansu. Abin da ya fi jawo irin wannan a ko'ina shi ne lodi fiye da ƙima, da iska, da tafiyar dare, da rashin rigar kariya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta wajabta sa rigar kariya, ta kuma hana tafiyar dare. Saboda haka ku tambayi rigar tun kuna kan tudu. In babu daidai da yara, a fasa shiga, a yi zaman a bakin gaɓa, babu abin da ya ragu.

Ku leƙa cikin jirgin. In kun ga ana ta kwashe ruwa da kwarya tun ba a tashi ba, ku nemi wani. Kowa ya zauna a inda matuƙi ya nuna masa, ban da tashi tsaye don ɗaukar hoto. In ya ce kada a bi ta wani wuri saboda dorina ko zurfi, a ji maganarsa, ko da wurin ya fi kyan gani.

Jatan lande da ɗan'uwansa na kasuwa

Uwargida, kirefish ɗin da kike saye a Babbar Kasuwar Jimeta kina dakawa a miyar kuɓewa ba daga Binuwai ya fito ba. Ƙananan jatan lande ne na bakin teku, ana kama su a wurare irin su Oron a Akwa Ibom da gaɓar Kuros Riba, a busar, a yi banda, a loda a buhu zuwa Arewa. Yana da sinadarin gina jiki sosai, kuma da yake da ɓawonsa ake cinsa, yana ba da sinadarin ƙarfafa ƙashi. Shi ya sa ake sa garinsa a kunun yaye.

Na ruwan daɗi kuma akwai su a kogunan Afirka. Ƙanana suna ɓuya a cikin ciyawar ruwa, manya a ƙarƙashin duwatsu. A ƙasan Binuwai, wajen Makurɗi, masunta na kama manyan suna sayarwa. A Yola kifi ne sarki: tarwaɗa, karfasa, ƙurungu, ragon ruwa, giwan ruwa. Jatan lande da ƙaguwa rabo ne, su ne abin da koma kan kwaso idan an ja ta cikin ciyawa, ko a tarar da su a cikin gura da safe. Ku roƙi masunci ya nuna wa yara yadda ake saƙa gura da bakin da ke shigar da kifi ya hana shi fita, da yadda ake jefa birgi ta buɗe kamar laima kafin ta faɗa ruwa. Wannan kallo kaɗai ya biya kuɗin mota.

Wasunmu na ƙyamar jatan lande saboda kamanninsa. Ƙyama daban, hukunci daban: a mazhabar Malikiyya da muke bi, dabbobin ruwa halal ne. Wanda ransa bai so ba, ga kifi nan.

Ku bar masunci ya shiga ruwan

Ga inda maganar lafiya ta shigo. Wurin da jatan lande ke so, wato ruwa marar gudu mai ciyawa a gefen tafki, nan ne kuma mazaunin ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsutsar tsargiya. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ya shiga dodon koɗi ya hayayyafa, sannan ya fito yana neman mutum. Ba sai an sha ruwan ba. Ta fata take shiga, ba a ji, ba a gani. Bayan makonni sai ka ga yaro yana fitsari da jini a ƙarshensa. Akwai masu ɗaukar wannan alamar balaga ce. Ciwo ne, kuma in aka bar shi shekaru yakan rage jini, ya taɓa mafitsara da ƙoda, a mata ya taɓa mahaifa.

Don haka yara su zauna a cikin jirgi ko a kan busasshen yashi. Ban da wanka, ban da wasan ruwa a gefen ciyawa. Ku zo da ruwanku na sha da na alwala a jarka. In wani ya shiga, ko kuka ga jini a fitsari daga baya, ku je asibiti ku faɗi cewa an shiga kogi. Akwai magani, praziquantel, wanda ake rabawa 'yan makaranta kyauta a wurare da dama.

Akwai wani abin mamaki a nan. Manyan jatan lande na kogi suna cin wannan dodon koɗi. A ƙasar Senegal an gina madatsar Diama a 1986 kusa da inda kogi ke shiga teku. Irin jatan landen da ke can sai a ruwan zartsi 'ya'yansa ke tashi, madatsar ta tare musu hanya, suka ragu ƙwarai a saman kogin. Dodon koɗi ya yawaita, tsargiya ta ɓarke. Masu bincike da suka mayar da jatan landen wani mashigin ƙauye sun ba da rahoto a 2015 cewa dodon koɗi mai cutar ya ragu, cutar ma ta ragu a jikin mutane. Ashe ɗan abin da muke rainawa mai gadi ne. In kuka ga mai ɗauke da ƙwai a cikinta, ku ce a mayar da ita ruwa. Kada kuma ku sayi kifi ko jatan landen da aka kama da guba. Masu zuba maganin ƙwari a ruwa suna kashe manya da ƙanana, sauran gubar kuma ta biyo ku gida.

Tukunyar bakin ruwa

Ku zo da 'yar tukunya, da gawayi, da albasa, attaruhu, citta, tafarnuwa, masoro, gishiri da daddawa. Farfesu shi ya fi dacewa da wurin.

A zaɓi masu rai. Wanda ya mutu ya yi laushi ko yana wari, a yar. A wanke da ruwan da kuka zo da shi, a cire kan manya da baƙin zaren da ke bayansu. A jajjaga kayan ƙamshi a zuba a ruwa, a bari ya tafasa sosai. Kifi ya fara shiga, in ya kusa nuna sai a zuba jatan lande, ya yi kamar minti 5 yana tafasa, har ɓawon ya yi ja, naman ya yi fari tas har ciki. Ƙaguwa ta fi buƙatar wuta, a ba ta minti 15 ko fiye. In an samu ganyen yakuwa daga lambun Geriyo, ɗan tsaminsa na kashe ƙarni. A ci da zafinsa, da burodi ko dafaffiyar shinkafa daga gida.

Dalilin nacewa a kan wuta shi ne wata tsutsa da ke zama a naman ƙaguwa da danginta na ruwan daɗi. In an ci ɗanye ko wanda bai nuna ba, takan ratsa hanji ta tafi huhu, mutum ya yi ta tari har da jini, a yi zaton tarin fuka ne. An san ta a Kamaru da kudu maso gabashin Najeriya, inda ta yawaita a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da yunwa ta sa mutane cin ƙaguwar da ba ta dahu ba. Lemun tsami ba ya kashe ta, gishiri da yaji ma haka. Ɗora ƙaguwa a kan garwashi na ɗan lokaci, waje ya ƙone ciki ɗanye, shi ne babban haɗari. Wuƙar da ta taɓa ɗanye kada ta yanka albasar da za a ci ɗanya, kuma kowa ya wanke hannu da sabulu kafin ci, domin kwalara ma ta bakin ruwa take bi.

Abin da ya rage kada ya yini a rana a dawo da shi gida. A dafa daidai ci.

Wanda jikinsa ba ya karɓa

Akwai mutanen da jikinsu ba ya ɗaukar jatan lande, ɗanye ne ko busasshe, kuma dafuwa ba ta sauya wannan. Alamun su ne ƙaiƙayi, borin jini, kumburin leɓe ko ido, amai. In numfashi ya fara sarƙewa, a bar komai a nufi asibiti nan take, ko Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola. Saboda haka yaron da bai taɓa ci ba, kada tsakiyar kogi ya zama wurin gwajinsa na farko. A fara masa da ɗan kaɗan a gida.

Shi kuma busasshen na kasuwa, uwargida, ki shinshina kafin ki saya. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan masu fesa maganin ƙwari a kayan abinci don kada su yi tsutsa. In kin ji warin magani ko kin ga fumfuna, ki wuce gaba. Ki tsince, ki ɗauraye, ki shanya ya bushe ƙayau, sannan ki daka ki rufe a kwalba.

Kafin ku taso, ku kashe wutar da yashi, ku tattara ledojinku, ku sallami matuƙi da kyau. Ku sayi bandar kifi a hannun matan masunta ku kai wa maƙwabta tsaraba. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.