Rumbu daban, shaida daban

An daɗe ana rubutu a kanmu mu mutanen Zango. Tun a 1978 Enid Schildkrout ta fitar da littafi sukutum game da Zangon Kumasi, kuma bayanta masu bincike ba su daina zuwa ba. Mukan tarbe su, mu amsa tambayoyinsu, sai dai idan maƙala ta fito a mujallar wani babban kamfani a Turai ko Amurka, ɗalibinmu da ke KNUST yakan tarar da ƙofa a kulle. Karanta maƙala guda kan ci dala 30 ko fiye, kuɗin da ya yi wa mai ƙirga sidi nauyi.

Masana lissafi sun nemo wa kansu mafita, wadda za mu iya kira mujallar ɗori. Tun 1991 akwai wani rumbu a intanet mai suna arXiv, inda masu bincike ke ajiye rubutunsu kowa ya karanta kyauta. Mujallar ɗori ba ta da rumbun kanta, ba ta buga takarda, ba ta sayar da komai. Marubuci zai ajiye aikinsa a rumbu, editoci su aika wa masana su tantance, idan ya inganta sai mujallar ta sa masa hatiminta, ta nuna wa mai karatu inda yake. A 2016 Timothy Gowers na Jami'ar Kambirij ya kafa irinta mai suna Discrete Analysis, kuma abin da kowace maƙala ta ci a farkonta bai wuce kimanin dala 10 ba.

Wannan tsari bai kamata ya zame mana baƙo ba. A zaurukan malamanmu, wanda ya sauke Jalalaini ko Muwaɗɗa ko Ashafa ana rubuta masa ijaza da jerin malaman da karatun ya biyo ta hannunsu. Littafin yana hannun kowa, wanda ya so ya kwafa. Abin da malami ke bayarwa shi ne shaidar cewa karatun ya inganta, kuma aikin mujallar ɗori ke nan.

Rumbuna ma muna da su. KNUST na da ma'ajiyarta ta intanet inda ake zuba kundayen digiri. A Legon, can Ankara, Cibiyar Nazarin Afirka tana riƙe da kwafin rubuce-rubucen Larabci da ajami waɗanda Ivor Wilks da Alhaji Usmanu Boyo suka tattara a shekarun 1960, har da ayyukan Alhaji Umaru Karaci wanda ya rasu a 1934. Tun 2018 kuma akwai AfricArXiv, rumbun da aka buɗe wa masu binciken Afirka.

Abin da ya rage mana shi ne masu sa hannu. Muna da malaman zaure da suka san ajami ciki da waje, muna da 'ya'yanmu masu digiri a jami'o'i. Idan kaɗan daga cikinsu suka zauna a kwamiti guda, suna zaɓar abin da aka rubuta kan Zango, suna tantancewa, suna yi wa kowanne taƙaitaccen bayani da Hausa, to mun sami mujalla ba tare da maɗaba'a ba. Aikin yana bukatar haƙuri da gaskiya, domin hatimin da aka sa wa ɗan gida don kara ba zai yi daraja a idon kowa ba.

Allah ya ba mu masu ɗaukar wannan nauyi.