Mun Je Kasuwar Kwamfuta Ta Ikeja

 Wannan mako labarin tafiya na kawo muku, da abin da na koyo a wata kasuwa ta Ikko.

Ga yadda abin ya faro. Akwai 'yar ƙanwata, Bilkisu, wadda ni ke riƙo tun tana shekara huɗu. Shekara biyu cur tana yi wa mata ƙunshi da kitso ran Asabar, tana zuba kuɗin a asusu, wai kwamfuta ta ke so ta haɗa, irin wadda a ke wasa da ita. Da fari na ɗauka shiririta ce. Sai malamarsu ta gaya mini injin da ya iya ɗaukar waɗannan wasanni zai ɗauki aikin zanen gine-gine, shi ne kuwa abin da yarinyar ke so ta karanta. Da na kwashi adashina sai na ƙara mata, bisa sharaɗin ba wasa sai an gama aikin gida da karatu. Ana nan sai matar ƙanena ta haihu a Agege, na ce to, faɗuwa ta zo daidai da zama, mu je suna mu sayo kayan gaba ɗaya.

Mun tashi daga Kano da yamma a babbar mota, muka bi ta Zariya da Kaduna da Mokwa, muka haye Kwara a gadar Jebba, muka wuce Ilori. A Badun muka shiga sabon jirgin ƙasa wanda aka buɗe a 2021. Ya ratsa ta Abeokuta cikin kurmi kore shar, ya sauke mu a tashar Agege. Wadda ba ta taɓa zuwa Agege ba za ta yi mamaki, don Hausa a ke yi a Zango kamar a Fagge. Cinikin goro ne ya zaunar da kakanninmu a nan tun zamanin tsohon jirgi.

Kashegarin suna ƙanena ya saka mu a ƙaramar bas mai ruwan ɗorawa, wadda su ke kira danfo, sai Ikeja. Nan ne hedkwatar Jihar Legas tun 1976, filin jirgin saman Murtala Muhammed kuma yana kusa, kana tafe jirage na wucewa ta bisa kanka. Kasuwar, Computer Village su ke ce mata, watau ƙauyen kwamfuta. Amma fa ba ta yi kama da ƙauye ba ko kaɗan. Unguwar zama ce a da, 'yan kasuwa suka mai da gidajen kantuna, abin ya bunƙasa bayan zuwan wayar hannu a 2001. Titin Otigba shi ne cibiyarta. Benaye ne hawa biyu, hawa uku, kowane ɗaki kanti, ƙarƙashin matakala ma kanti. Ga ƙarar janareta, ga kiɗa, ga masu gyaran waya a ƙarƙashin laima, ga samari suna tare ka suna cewa "Hajiya, me za a saya?" Na ƙulle jakata a hammata, na riƙe hannun yarinya.

Kafin mu baro gida Bilkisu ta rubuta kayan a takarda, ta kuma yi mini bayaninsu a jirgi. Bari in gaya muku yadda na gane. Na ɗaya ƙwaƙwalwa, wadda masu kanti ke kira farosesa, ita ce uwargida mai tsara aiki. Na biyu uwar allo, faffaɗan faranti wanda kowane abu ke zama a kansa. Na uku ram, kamar faifan da ki ke ɗora abin da ki ke aiki da shi yanzu; in ya yi ƙanƙanta aiki ya yi ta tsayawa. Na huɗu rumbun ajiya, inda wasanni da takardu ke kwana. Na biyar katin hoto, shi ke zana abin da a ke gani a allo, shi ya fi kome tsada. Na shida akwatin wuta, mai karɓar lantarki daga bango ya raba wa sauran. Na bakwai gidan da za a zuba su duka.

Abin lura shi ne ba kowanne ke zama da kowanne ba, kamar tukunya da murfinta. Ƙwaƙwalwar da ta zaɓa ta kamfanin AMD ce, Ryzen 5 5600, wadda ta fito a 2022. Mazauninta AM4, saboda haka dole uwar allon ta kasance mai wannan mazauni, muka nemi B550. Ƙwaƙwalwar Intel ba ta shiga nan ko an yi da ƙarfi. Haka ram, wannan allo DDR4 ya ke ɗauka, sabon nan DDR5 tsagarsa dabam ce. Ta ce gara a sayi guda biyu masu giga 8 da a sayi ɗaya mai 16, don biyun tare su ke aiki, kamar mata biyu a turmi ɗaya. Duk waɗannan ba su ne na yayi ba, shi ya sa a lokacin kuɗinsu ya sauka, ga shi kuwa suna aiki sosai.

Wajen katin hoto ne muka kusa yin asara. Wani saurayi ya ja mu wani lungu, aka fito mana da kati RX 580, an goge shi yana ƙyalli, kuɗinsa bai kai rabin wanda muka yi niyya ba. Wallahi raina ya biya, har na fara kwance bakin jaka. Sai Bilkisu ta taɓa ni ta ce, "Inna, a gwada tukuna." Mai kayan ya ce ai babu bukata, ta ce in ba gwaji babu ciniki. Da ƙyar ya ɗaura shi a wani inji aka kunna wasa. Da farko lafiya lau. Can an jima fankarsa ta kama kuka, wasu ɗige-ɗige kore suka cika allo, sai ɗif, hoto ya ɗauke. Ya ce laifin waya ne. Muka yi masa sai an jima.

Daga baya na ji dalili. Irin wannan kati ya fito tun 2017, an kuma yi shekaru ana kunna dubbansu dare da rana wajen haƙar kuɗin intanet. Da kuɗin nan Ethereum ya daina wannan hanya a watan Satumba na 2022, sai aka watso katunan kasuwannin duniya. Akwai masu lafiya a cikinsu, akwai waɗanda zafi ya gama cinyewa, ido kuwa ba ya rabe su. Araha ba ta ado, in ji masu magana.

Muka hau wani bene, muka tarad da wata dattijuwa Bayarabiya da 'ya'yanta biyu a kanti. Ta karɓi takardar Bilkisu ta duba, ta tambaya wa ya rubuta. Da ta ji yarinyar ce sai ta sa aka ba mu kujera. A nan muka sami RX 6600 na 2021, mai giga 8, na hannu ne amma an gwada shi rabin sa'a a gabanmu bai yi gardama ba. Shi kaɗai ya ci wajen kashi huɗu cikin goma na kuɗinmu.

Saura akwatin wuta, kuɗi kuwa sun ja baya. Bilkisu ta daɗe tana mafarkin gida mai gilashi da fitilu masu launi, ta ce a sayi akwatin wuta mai araha don kuɗin gidan su isa. Matar nan ta girgiza kai. Ta ce katin yana jan wat 132, ƙwaƙwalwa wat 65, akwati mai wat 550 na kamfanin kirki, mai tambarin 80 Plus, ya ishe su har da rara. Amma marar suna, ko an rubuta masa 700, ran da wuta ta yi wasa yana iya ƙonewa ya tafi da sauran kayan. Yarinya ta yi shiru, idonta ya kawo ruwa, sa'an nan ta ce a ba ta baƙin gida na ƙarfe, a ba ta akwatin wuta mai kyau. Ranar na san ta girma. Da canjin muka ƙara sitabilaiza, don kun san halin wutarmu.

A kantin aka haɗa injin, ita da hannunta. Ƙwaƙwalwar nan ƙafafu 1,331 gare ta, sirara kamar allura, in ɗaya ta lanƙwashe an shiga uku. Na kau da kai har ta zaunar da ita. Da aka danna maɓalli fankoki suka juya, rubutu ya fito a allo, na ce alhamdu lillahi. Aka rubuta mana rasit da lambar kowane abu da kwanakin garanti. Da za mu komo sai aka cire katin aka naɗe shi dabam, don kada girgizar mota ta karya mazauninsa. A cinyata ya zo har Kano.

Yanzu injin yana ɗakinmu a kan tebur, nesa da ƙasa da bango don ya sha iska. In ba a aiki da shi mu kan rufe shi da zane saboda ƙurar hunturu, in za a kunna a yaye.

To, 'yan'uwa, wadda 'yarta ko ɗanta ya zo mata da irin wannan magana, kada ta kore shi, kada kuma ta miƙa kuɗi ido rufe. A rubuta kayan tun daga gida, a tabbata sun dace da juna. Kayan hannu kada a biya sai an gwada a gabanki, an daɗe ana gwadawa. Kada a yi rowa wajen akwatin wuta, a karɓi rasit. Ba sai an je Ikko ba, a Kano ma akwai masu wannan sana'a a Titin Beirut. Ku kuma 'yan makaranta, ku ga abin da asusu da karatu suka yi wa 'yar'uwarku. Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, amin. Sai mako mai zuwa.