Makiyayar tumaki a tsakiyar birnin Niyok

A ƙasar Amurka akwai wani babban birni, sunansa Niyok. Gidajensa dogaye ne ƙwarai, wasu sun fi hawa ɗari. Amma a tsakiyar birnin an bar fili guda na itatuwa da haki da tafkuna. Ana ce masa Central Park. Tsawonsa kilomita 4, faɗinsa mita 800. Ba a noma cikinsa, ba a saran itace. Wurin shan iska ne, talaka da mai kuɗi duk suna shiga kyauta.

Cikin filin nan akwai wani wuri da ake kira Makiyayar Tumaki. Sunan yana da asali. Daga 1864 har 1934 garken tumaki na kiwo a nan, da makiyayinsu. Bayan an kwashe tumakin, sai mutane suka maye gurbinsu.

To, ƙafar mutum ma tana kashe haki kamar kofaton dabba. Dubban jama'a suka riƙa taruwa a wurin, wasa da gangami ba hutu. Wajen 1975 kuma baitulmalin birnin ya bushe, aka rage ma'aikata. Haki ya mutu, ƙasa ta daskare kamar bakin rijiya da rani. Iska ta ɗauki ƙura, ruwan sama ya kwashe sauran. Da dare mutane na tsoron shiga.

A 1979 magajin gari Ed Koch ya ɗora wata mace a kan aikin kula da filin. Sunanta Elizabeth Barlow Rogers, an haife ta a 1936 a jihar Texas. Ta ga kuɗin hukuma ba za su isa ba. A 1980 ta jagoranci kafa ƙungiyar Central Park Conservancy. Masu hali suka ba da kuɗi, wasu suka ba da ƙarfinsu, suna shara da dashe ba lada. Ta yi shekara goma sha biyar da ɗoriya tana wannan aiki.

Ita makiyayar, sabon haki aka dasa mata, aka kewaye ta da shinge. Har yau lokacin sanyi ana rufe ta ta huta. In an yi ruwa mai yawa, ba a buɗe ƙofa sai ƙasa ta tsane. Duk makiyayin da ya taɓa ganin hurumi ya san wannan dabara.

Yanzu baƙuncin da filin ke samu a shekara ya kai miliyan 40. Tsohon garken tumakin yana nan tsaye, amma an mayar da shi gidan cin abinci.