Kafin Ku Yanko Labulen Taga

Da kaka ta yi, aka kammala ɗibar amfanin gona, bukukuwan aure sukan yawaita a ƙasar Gaya da Ajingi, iyayen amare kuma su nufi Kantin Kwari yankan labule. Abin da aka fi tambayar mai shago shi ne launi da kauri. Ni kuwa roƙona gare ku, iyaye, ku ƙara da tambaya guda: idan an rataya yadin nan, iska za ta ratsa shi?

Ku dubi ɗakunanmu. Da yawansu taga ɗaya ce, 'yar ƙarama, ga rufin kwano. Sai 'yan jere su lulluɓe ta da labule ruɓi biyu tun daga sama har ƙasa, wani lokaci ma a jingina mata durowa. Ɗaki ya yi kyau a ido, amma da zafin Maris da Afrilu ya kama sai ya koma tanderu. Lokacin sanƙarau ke nan, cutar da ke bin numfashi inda aka cunkushe babu iska, kuma manyanmu ba su manta da annobar 1996 ba. Haka ƙwayar tarin fuka: takan daɗe tana yawo a rufaffen ɗaki mai duhu, alhali hasken rana yana kashe ta. In akwai mai shan maganin tarin fuka a gidanku, ɗage labule da buɗe taga da rana yana cikin jinya.

Na san hujjar masu son kauri, wato sutura, kuma hujja ce mai ƙarfi. Sai dai kakanninmu sun warware wannan tun tuni da asabari. Da rana na ciki yana hangen na waje, na waje ba ya ganin na ciki, iska kuwa tana kaiwa da komowa. Yau ana raina shi a matsayin kayan ƙauye, bayan kuwa labulen zamani mai falle-falle na roba da kuke gani a ofisoshi aikin asabari yake yi, kuɗinsa ne kawai ya fi yawa. Wanda ya zaɓi na zamanin, ya kula da igiyarsa: yaro mai rarrafe ko tatata yana iya zarga ta a wuya ya shaƙe ba tare da an ji kukansa ba. A naɗe ta can sama, a kuma nisanta shimfiɗar yara daga gindin taga.

Kuɗin raga ya kamata a fara warewa, kafin na labule. Labule ba ya tare sauro, hasali ma cikin ninkin yadi mai duhu yake laɓewa da rana. Kafinta ya buga raga, ku riƙa duba hudarta kafin faɗuwar damina, gidan sauro kuma yana nan a matsayinsa.

Da hunturu lissafin yakan juya, domin a sannan labule ne ke tare ƙura, shi ne kuma ke tara ta. Saboda haka ku zaɓi wanda uwargida za ta iya saukewa ita kaɗai, ta wanke da bokiti ɗaya. Wanda ke cin ruwan ɗan garuwa jarka uku, shekara yake yi ba a taɓa shi ba, mai asma a ɗakin kuwa shi ke biyan bashin. Kada a kakkaɓe shi a ciki, a fitar da shi tsakar gida.

Sai batun tsawo. A ƙasa ake ajiye kaskon turaren wuta, da gawayin jin ɗumi, da maganin sauro na kunnawa, yadin roba kuma in ya kama wuta sai ya narke ya manne wa fata. Ku ce wa tela ya tsaya taƙi ɗaya ƙasa da bakin taga.