Kariya a Lambunan Jidda

A Jidda ruwan sama jefi-jefi yake zuwa lokacin sanyi, na famfo kuma daga Bahar Maliya ake tace shi, amma kariya na ta fure abinta. Cikin kaurin gindinta take ajiye ruwa, shi ya sa yawan ban-ruwa ke ruɓar da saiwarta tun kafin fari ya taɓa ta. Wani zai ce barin shuka da ƙishi sakaci ne. Sai dai mai lambun da ya san ta yashi yake ba ta, da rana sosai, ba ya ƙara ruwa sai ƙasar ta bushe. Mutane ma haka suke: akwai wanda kulawa ke raunana shi idan ta wuce kima.